Ƙusoshin da Na Lanƙwasa a Filin Ƙwallon Bungudu

Wannan babin na rubuta shi ne dominku duka, amma ya fi shafar kai Nura da ƙanwarka Asma'u, 'ya'yan ƙanena Lawali. Kun tashi a gidana kuna ce mini Baba, kuma kun tashi kuna jin mutane na cewa mahaifinku ne ya yi shingen da ya tsare jama'a a filin ƙwallo na Bungudu ranar da aka yi turmutsutsu. Ba haka aka yi ba. Tun ranar na san ba haka aka yi ba, na yi shiru. Yanzu ciwon ƙafa ya zaunar da ni, ba na iya tsayuwa gaban teburin aiki, sai tunani. Zan faɗi abin yadda ya faru, ba zan rage nawa laifin ba.

Ni da Lawali wurin marigayi mahaifinmu muka koyi kafinta a Tsafe. Shi mutumin Kucheri ne, can gonarmu take. Ya raba mana aiki gida biyu tun muna yara. Akwai aikin zama, kamar ƙofa da rufin ɗaki, akwai kuma aikin da za a kwance bayan kwana kaɗan, kamar rumfar biki ko dandamalin wa'azi. A aikin zama ana nutsar da ƙusa har kanta ya ɓace cikin katako. A aikin da za a kwance kuwa ƙusa gajera ake sawa, a bar kanta a waje kamar faɗin ƙwayar dawa, yadda bakin hama zai kama ta a zare ba wahala. In ya ga ɗayanmu ya nutsar da ƙusa a rumfar biki, ba ya faɗa. Sai ya miƙa maka hama ya ce ka ciro ta, ya tsaya yana kallonka kana fama. Da haka muka haddace.

Shekarar da muka bar Tsafe ba sai na ba ku labarinta da tsawo ba, manyanku sun gani. Ɓarayin daji sun hana noma a bayan Kucheri, hanya ta zama sai da rana tsaka ake binta, a cikin ayari. Muka kwaso mahaifiyarmu Inna da Saratu matata da Rabi matar Lawali da ku yara, muka kama ɗakuna uku a Gusau. A nan aikinmu ya canza. Babu mai son gado, babu mai son kujera. Kowa ƙofa yake so, mai katako biyu, a lulluɓe ta da kwano, a sa doguwar ƙusa ta ratsa marfin kwalba ta ratsa kwano da katako, sannan a lanƙwasa bakinta ta baya yadda ko da ƙarfe aka zo ba za a zare ta ba. Shekara biyu ba abin da hannuna ya yi sai wannan. Mutum zai zo ya tsaya kaina yana ba ni labarin yadda aka ɓalle ƙofar maƙwabcinsa, ni kuma ina bugawa ina lanƙwasawa. A gida kuwa, in babura suka wuce layinmu fiye da biyu a jere, Inna kan ajiye lomar da ta ɗauka, ta kasa kunne har ƙarar ta ɓace. Ba wanda ke mata dariya, don dukanmu haka muke yi a ciki.

Bayan girbi na shekara ta biyu wani mai motocin haya a tashar Gusau, Alhaji Mande, ɗan asalin Bungudu, ya aiko a kira mu. Shi ne shugaban kwamitin da ya shirya gasar ƙwallo tsakanin garuruwan yankin. Ya ce samari sun gaji da zaman makoki, a ba su abin da za su yi ihu a kansa wanda ba mutuwa ba. An ari wata gona da aka girbe a gefen gari na mako uku. Ana son benci mai hawa-hawa, da rumfar manyan baƙi, da shingen kwano da zai zagaye filin duka. Katakon da kwanon duk na aro ne, in an gama a mayar wa masu su, a bar wa manomi gonarsa.

Lawali ne ya fi ni murna. Shi mai son ƙwallo ne, mai barkwanci kuma, ni ban taɓa gane abin da ake gani a cikinta ba. Ranar da muka je ganin gonar ya tsuguna ya zana filin duka a ƙasa da tsinke. Ya ce a baje kunyoyin tukuna a tone tushiyar kara, kada ta yanke ƙafar 'yan wasa. Ya ce benci ya zauna yamma don rana ta kasance bayan masu kallo da la'asar, hawa biyar kawai, kuma kowace ƙafar benci a ɗora ta kan faffaɗan katako saboda ƙasar gona taushi gare ta. Sannan ya zana ƙofa uku. Alhaji Mande ya sa takalminsa ya share biyu.

"Ƙofa guda, Lawali. 'Yan banga za su caje kowa kafin shi shiga. In ka yi mini uku, wa zai tsare su?"

"To Alhaji, guda ɗin ma ta isa," in ji Lawali. "Ai shingen biki ne. In jama'a sunka matsu, kafaɗa guda za su sa kwanon shi faɗi waje, kowa shi kama gabansa. Sai dai ka sayi sabon kwano ka biya masu shi."

Alhaji ya yi dariya ya ce Allah ya sawwaƙe. A kan haka aka tsaya.

Mun gama benci da rumfa cikin kwana biyar. Ana gobe za mu fara shinge aka aiko cewa kawun Rabi ya rasu a Tsafe, Lawali ya raka ta ta'aziyya, ya ce kwana uku zai yi. Na fara shingen da leburori, yadda muka saba, gajeriyar ƙusa, kai a waje. Mun yi kamar rabin gefen kudu sai shugaban 'yan bangan ya zo zagaye, wani dogo mai bindigar harbi-ka-ruga a kafaɗa. Ya tsaya ta waje, ya sa yatsu a gefen kwano ɗaya ya ja. Kwanon ya biyo hannunsa kamar ɓawon rogo. Ya leƙo kansa ta ramin ya dube ni.

"Malam Umaru, wanga shi ne shingen? Ko akuya ba ya tsarewa. In mutanen daji sunka zo, sai su yi sallama su shigo?"

Leburorin suka kwashe da dariya. Shi ma dariya yake yi, ya mayar da kwanon ya wuce. Ina so ku lura da wannan sosai: bai ce in canza komai ba. Alhaji Mande bai ce ba. Ba wanda ya umarce ni. Na tsaya ina kallon ramin, ta cikinsa ina hango dajin da ke bayan gari, sai na ji irin abin da nake ji in mutum na ba ni labarin ƙofar maƙwabcinsa. Kunya ta kama ni, tsoro ya kama ni, ban san wanda ya fi yawa ba. Na aika Gusau aka kawo ƙusa mai inci huɗu, na sa aka tattaro marafen kwalba daga masu sayar da lemo. Na ƙara katako ɗaya a tsakiyar kowane kwano. Kwana biyu da rabi ina bugawa ta waje, ina zagayowa ta ciki ina lanƙwasawa. Da na gama na jingina bayana da shingen na tura da ƙarfina duka, ko motsi bai yi ba. Gaskiya zan faɗa muku, na ji daɗi a lokacin.

Lawali ya dawo da hantsi, ya shigo filin yana ba ni labarin hanya. Yana magana yana tafiya yana shafa shingen da tafin hannunsa, yadda kafinta ke yi ba tare da ya sani ba. Sai maganar ta tsaya. Ya sunkuya ya dubi bakin ƙusa ɗaya da ke kwance cikin katako, ya matsa gaba ya dubi wata, ya ɗaga kai ya bi shingen da ido har ya zagayo.

"Yaya, mi ka yi nan?"

"Abin da ka gani."

"Wanga ai ƙofar ɗaki ce. Ka yi ma gari guda ƙofar ɗaki, ka sa su ciki."

"In wani abu ya taso daga daji fa? Kai ba ka nan sadda anka ɓare shi da yatsa ana mini dariya."

"In ya taso daga ciki fa, Yaya? Kwano ba ya tsare harsashi. Mutane kaɗai zai tsare."

Na san gaskiya ya faɗa tun kafin ya rufe baki. Amma leburori na tsaye suna ji, kuma ni ne babba. Na ce masa aikin ya riga ya ƙare, jibi za a fara wasa, kuma tun yana rarrafe nake riƙe hama. Lawali bai taɓa ɗaga mini murya ba tun da aka haife shi. Ya ce to, ya je ya duba ƙafafun benci.

A gida Saratu ce ta fara lura. Kwano ɗaya muke ci ni da shi, kullum shi ke surutu, ranar kuwa sai ƙarar cokali.

"Malam, kai da ƙanenka lafiya? Ko Tsafe ya baro bakinsa?"

"Yaya ya lanƙwasa mini shi," in ji Lawali, ya yi murmushi. Matan suka yi dariya ba su san abin da ake nufi ba. Inna ce kawai ba ta yi ba. Ta dube ni, ta dube shi, ta ce, "Ku dai ku riƙa dawowa kafin magariba, shi ke nan abin da nake roƙo."

Aka fara gasa. Kullum da rana muke hawa mota daga Gusau, don aikinmu ne mu kasance a wurin ko wani abu zai saki. Ban taɓa kallon wasa ɗaya ba. Jama'a nake kallo. Ranar farko ba su cika benci ba, amma kafin mako ya zagayo sai ga mutane tsaye har jikin shinge ta ko'ina, da masu rake, da masu awara, da mata da goyo a wani gefe da aka ware musu. Ƙofar faɗinta bai wuce na amalanken shanu ba. In an tashi wasa nakan tsaya ina kallon yadda filin ke zubewa ta wannan 'yar kafa a hankali, ana tsokanar juna, ba mai sauri, kuma duk da haka sai rana ta yi ja kafin na ƙarshe ya fita. Kullum a mota nakan ce a raina gobe zan zo da wuri in miƙe ƙusoshin gefe ɗaya. Gobe ta yi sai in tuna zan yi shi ne a gaban Lawali da 'yan banga, sai in ce jibi.

Shi kuwa Lawali, mai son ƙwallon, ya daina zama kan benci. Yakan soke hama a ƙugunsa ƙarƙashin riga ya je ya tsaya gefen gabas, inda ya fi nisa da ƙofa. Daga baya na gane abin da yake yi. In an tafi hutun rabin lokaci jama'a na hayaniya, sai ya juya ya miƙe ƙusa biyu ko uku ya buga su baya. Wani ɗan banga ya gan shi ya kai ƙara wurin Alhaji Mande, cewa kafinta na buɗe wa masu satar shiga hanya. Alhaji ya kira ni, ba shi ba, ya ce in ja wa ƙanena kunne. A nan ne Allah ya ba ni dama ta biyu. Da na ce, Alhaji, yaron nan gaskiya gare shi, ni na yi kuskure, da an ba mu yini ɗaya mun gyara. Sai na ce to. Na je na sami Lawali na ce ya bari, kuma da hannuna na sake lanƙwasa waɗanda ya miƙe, yana tsaye.

"Saura wasa huɗu, Yaya," ya ce. "Allah shi sa mu kwance shi da hannunmu."

Na ce amin. Da gaske na faɗe ta.

Ranar wasan ƙarshe 'yan Bungudu ne da 'yan Nahuce. Ban taɓa ganin filin ya cika haka ba. Abin da ba mu sani ba shi ne, magoya bayan Nahuce da yawa ba su iso ba tukuna. A lokacin ba mai hawa hanya shi kaɗai, don haka suka tsaya jiran juna har suka taru, suka taso gaba ɗaya a kan babura, mutum uku-uku. Tsoro ne ya haɗa su ayari. Kuma duk wanda ya zauna ƙasar nan a shekarun ya san su wane ne ke zuwa a kan babura masu yawa, uku-uku.

An dawo daga hutu ba da daɗewa ba. Ina ƙarƙashin benci ina duba wata ƙafa da na ga tana nitsewa, sai na ji ƙarar, can nesa ta yamma, kamar ƙudan zuma. Na ɗauka kunnena ne. Sai hayaniyar da ke kaina ta fara mutuwa, hawa bayan hawa, har na ji ƙwallon tana gangarawa a ƙasa ba mai binta. Ban taɓa jin shiru irin wannan ba a cikin taron mutane. Ƙarar tana ƙaruwa. Wata mace ta yi kururuwa, "Ga su nan!" Daga nan ban iya tsara muku abin daki-daki ba. 'Yan banga suka ja ƙofar suka rufe, don a ganinsu tsare mutane suke yi. Jama'a suka zubo daga benci ta kaina, katako na kuka, amma bai karye ba, aikin Lawali ne. Kowa ya nufi gabas, nesa da ƙarar. Ina ganin bayansu ta tsakanin hawan benci. Suka isa shingen, na ji kwanon ya yi wata irin ƙara kamar an buga babbar ganga, na jira ya faɗi. Ina roƙon Allah a fili ya kayar da shi. Bai faɗi ba. Na baya na tura na gaba, na gaba na manne da kwano, shingen na tsaye yadda na yi shi.

Kafin in fito in ratsa filin, haske ya bayyana a gefen gabas, kwano ɗaya ya kwanta waje, sai na biyu. Mutane suka kwarara ta nan suka bazu cikin gonaki. Waɗanda suke kusa sun ce Lawali ya juya wa jama'a baya yana miƙe ƙusa yana bugawa, ana danna shi jikin katako, yana cewa a ba shi wuri kaɗan, kaɗan kawai. Da kwano na biyu ya tafi, tare suka tafi, jama'a suka bi ta kansa. A daidai lokacin 'yan Nahuce suka iso bakin ƙofa da tutocinsu da usur, suna tambaya ko an ci su ne.

Mutum uku suka rasu. Wata matar aure da ta zo kallon ƙanenta, da wani dattijo mai sayar da rake, Malam Isa, da Lawali. Waɗanda suka karye ban san yawansu ba. Na same shi kwance a kan kwanon, hamar na hannunsa. Ina durƙushe kansa sai ga ɗan Malam Isa, Sanusi, ya taho da gora, idonsa jawur, yana ihu a nuna masa kafintan da ya kulle ubansa kamar dabba. Mutane na riƙe shi yana fizgewa. Wani ya nuna Lawali ya ce, "Ga shi nan kwance, hamarsa ma na hannunsa. Allah ya riga ka." Sanusi ya tsaya, ya dubi gawar, ya saki gorar ya zauna a ƙasa yana kuka. Tsakanina da shi bai fi taku uku ba. Ban ɗaga kaina ba.

Bayan kwana biyu hukuma ta kira mu. Wani jami'i ya tambaye ni wa ya tsara aikin. Na ce mu biyu muke aiki, amma ƙanena ne ya zana filin. Ba ƙarya a cikin kalmomin, kuma na san abin da za su fahimta da su. Ya rubuta, ya yi mini ta'aziyya, ya ce in tafi. Alhaji Mande na zaune a wurin, ya san ni ya sa na hana Lawali miƙe ƙusoshin, bai ce komai ba, don shi ma yana da ƙofofi biyun da ya share. Har ya rasu ba mu ƙara haɗa ido ba.

Na gaya wa kaina cewa in aka tsare ni ba mai ciyar da gida biyu. Wannan gaskiya ne, amma ba shi ne dalilin ba. Gorar Sanusi nake tsoro, da idon Inna. Inna ta rasu ba ta tambaye ni ba. Rabi ta tambaye ni sau ɗaya, bayan ta fita takaba, tana tsaye bakin ƙofar ɗakinta ba ta dube ni ba.

"Yaya, abin da ake faɗi, shi ne ya yi?"

Na ce, "Ki dai yi mishi addu'a."

Ta ce to. Bara muka binne ta, da wannan amsar ta tafi. Kai kuma Nura, na tuna ranar da ka dawo daga makaranta da yagaggiyar riga da kumburarren leɓe, ka ƙi faɗin abin da ya haɗa ka faɗa. Na sani. Na yi maka faɗa a kan rigar.

To ga shi na rubuta. Mahaifinku bai lanƙwasa ƙusa ko ɗaya a shingen nan ba. Ya hana ni, na ƙi. Ya yi ƙoƙarin gyarawa, na hana shi. Duk wanda ya fita ta gabas ranar nan da ƙafarsa, hannun Lawali ne ya fitar da shi. Ban ce ku yafe mini ba, wannan naku ne, ku yi shi lokacin da kuka ga dama ko ku bari.

Amma takarda a cikin gida ba ta wanke sunan mutum a gari. Na sa an bincika mini, Sanusi na nan Bungudu, yana sayar da rake a inda ubansa ke zama a da, mijin matar da ta rasu a filin ma yana raye. Nura, ranar Juma'a ina so ka kai ni, mu yi salla a can, in an sallame in faɗa musu da bakina a gaban mutane, kana tsaye. Ban san abin da Sanusi zai yi ba. Tun da na yanke shawarar nan, abinci ba ya shiga mini sosai. Ka zo da wuri. In ka iso na ce maka ƙafar ta tashi, a bari sai wani mako, kada ka saurare ni. Ka kama hannuna ka sa ni a mota.